Yadda ake nemo tsarin yankan wandon Turawan zamanin da mai tsayawa a gwiwa

Wani malamin makaranta ya taɓa kawo mini aiki shago. Ɗalibansa za su yi wasan kwaikwayo a kan juyin juya halin Faransa na 1789, yana son wanduna huɗu irin na masu hannu da shuni na wancan zamani, waɗanda ke tsayawa ƙasa da gwiwa kaɗan. Na ɗauko awon wandon zamani na yanka, na datse ƙafafun. Ranar gwaji, yaron farko yana durƙusawa sai ɗinkin baya ya ɓarke tun daga ƙugu. Abin ya dame ni ƙwarai, don haka na zauna na bi diddigin yadda masu abin suke yanka kayansu. Ga hanyar da na bi.

Da farko ka tantance wane iri ake so, domin ba ɗaya ba ne. Akwai na Faransa da Ingila na ƙarni na 18, wanda ake sawa da doguwar safa. Shi ne ma ya raba mutane gida biyu lokacin juyin juya halin, har aka riƙa kiran talakawan Faris masu dogon wando da suna sans-culottes, wato marasa wandon gwiwa. Akwai na fata na mutanen Bavariya a kudancin Jamus, da ake gani a bikin Oktoberfest na Munich. Akwai kuma na ulu da mazan Norway ke haɗawa da kayan gargajiyarsu ranar 17 ga Mayu, wato ranar bikin ƙasarsu. Ka sa mai aikin ya nuna maka hoto kafin ka taɓa almakashi.

Na biyu, ka nema da sunan da masu shi ke kiransa. Ingilishi na cewa breeches, Faransawa culotte, Jamusawa Kniebundhose, mutanen Norway knebukse. Idan ka rubuta gajeren wando kawai a intanet, na 'yan ƙwallo za a jero maka.

Na uku shi ne inda zanen yankan yake. Mafi amfani a wurina littafin Norah Waugh ne na 1964, The Cut of Men's Clothes 1600–1900, domin da yawa daga zanukan cikinsa daga ainihin tsofaffin tufafi aka kwafo su, kuma da ma'auni a gefe. Wanda ke son ganin aikin telolin zamanin da idonsa sai ya nemi littafin Garsault na 1769 a kan sana'ar tela, yana nan kyauta a Gallica, rumbun intanet na babban ɗakin karatun Faransa. Shi wannan siffar ƙyallayen kawai zai nuna maka, don telolin lokacin da tsirin takarda suke awo, suna yi masa 'yan tsaga. Ka haɗa da hotunan gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan, musamman waɗanda aka ɗauka ta baya. Ana kuma sayar da tsarin da aka riga aka faɗaɗa, ka sauke ka buga a takarda. In wannan ka saya, ka ce wa mai buga takarda kada ya rage girman ko kaɗan, sannan ka auna ɗan murabba'in gwajin da ke shafin farko da rula.

Na huɗu, faɗaɗa zanen. Ka samu takarda mai faɗi, ko ta buhun siminti da aka kakkaɓe, ka ja mata layuka gida-gida, inci ɗaya-ɗaya. Ka ja irin waɗannan gidajen a kan zanen littafin bisa ma'auninsa, sai ka kwafa gida bayan gida. Zanen littafi ba ya barin wurin ɗinki, kai za ka ƙara.

A nan ne hannunka zai yi ta ƙaiƙayin gyara, kuma a nan nake roƙonka ka haƙura. Za ka ga ƙyallen baya ya yi tsawo da faɗi kamar an yi kuskure, ƙafafun kuma a buɗe kamar mutum na bisa doki. Da gangan aka yi haka. Cinya a matse take, gwiwa a ɗaure, saboda haka duk sararin zama da durƙuso da hawan sirdi a mazaunai aka tara shi, aka yi masa tattara a cikin ɗamarar ƙugu. Doguwar kwat ce ke rufe wannan kumburin. Duk wanda ya taɓa ɗinka buje ya san amfanin yalwar hantsa ga mahayi. Abin da na rage ke nan a karon farko, shi ya sa ɗinkina ya ɓarke.

Gaban wandon ba zif. Wani murfi ne mai faɗi da ake ɗagowa a maƙale da maɓallai a ƙugu. Ta baya akwai 'yar tsaga da igiya don sassautawa ko matsewa. A gefen kowace gwiwa maɓallai ne huɗu ko biyar, sai siririn maɗauri mai ƙarfe irin na bel.

Wajen awo, ka sa mutumin ya ɗora ƙafa a kan kujera, ka ja tef daga ƙugu ta kan lanƙwasasshiyar gwiwa zuwa ƙasanta. In ka auna shi a tsaye, yana zama maɗaurin zai haye sama, safa ta zame.

Daga ƙarshe ka fara ɗinkawa da akoko, da manyan ɗinki masu sauƙin warwarewa. Ya sa, ya zauna, ya durƙusa, ya taka matakala. Ka yi alama da alli duk inda ya ja, ka mayar da gyaran kan takardarka. In na fata ne, ka yi gwajin sau biyu, domin ramin allura ba ya ɓacewa a fata.