Kurakuran da 'yan wasan ches suka fi yi idan an yi musu tayin canjaras

Kuskuren da ya fi yi wa masu tasowa ɓarna shi ne karɓar canjaras don tsoron sunan abokin karawa. Wanda ya fi ka da maki 200 a ma'aunin Elo, wato ma'aunin ƙarfin 'yan wasa, ya ɗago kai ya ce a raba maki, kai kuwa jiki na rawa ka miƙa hannu. Tsaya tukuna. A lissafin Elo, mai irin wannan rata ana sa ran ya kwashe kusan kashi 76 cikin 100 na maki a karawarku, to me zai sa ya haƙura da rabi? Ruwa ba ya tsami banza. Galibi ya hango wani rauni a gidansa da kai ba ka gani ba, ko kuwa lokaci ya fara ƙure masa. Ka koma kan allo ka nemo abin da yake gudu.

Kuma babu mai kora ka. A dokar FIDE, hukumar ches ta duniya, wanda ya yi tayi ba ya iya janye shi. Yana nan daram har sai ka karɓa, ko ka ƙi da baki, ko ka taɓa ɗaya daga 'ya'yan da ke kan allo da niyyar motsa shi. Saboda haka idan kana da minti 30 a agogo, kashe goma kana lissafi ba asara ba ce. Ka ga hanyar nasara, ka ci gaba. Ba ka gani ba, rabin makinka na jiranka. A 1999, a gasar Dos Hermanas ta Sifen, Peter Svidler ya yarda da canjaras da Viswanathan Anand, daga baya aka gano nasara na hannun Svidler.

Da yawa kuma ba su san yadda ake yin tayin ba. Ka fara yin motsinka a kan allo, ka yi tayin, sannan ka danna agogo, ku biyun ku rubuta alamar (=) a takardar wasa. Idan wani ya yi maka tayi alhali shi ne da motsi, kana iya cewa ya motsa tukuna, tayin bai faɗi ba. Yawan maimaita tayi kuwa damun abokin karawa ne, alƙalin wasa na iya hukunta ka. Ka kuma karanta dokar gasar, domin tun gasar birnin Sofiya na Bulgeriya ta 2005 wasu gasanni ke hana tayi ko taƙaita shi.

Akwai masu kuskure ta ɗaya ɓangaren, waɗanda ke ganin canjaras abin kunya ne. Sai su yi ta tura sojoji gaba a wasan da babu komai a cikinsa, su buɗe gidan sarki, su tashi a tutar babu. Wasu wuraren ba su ciwuwa: sarki da doki biyu ba sa iya tilasta kashe sarkin da ya rage shi kaɗai, muddin bai yi sakaci ba.

Sai mantawa da teburin gasa, wato jerin makin 'yan wasa. A Landan a 2018, a wasa na 12 kuma na ƙarshe na kambun duniya, maki na daidai, Magnus Carlsen ya yi wa Fabiano Caruana tayi bayan motsi na 31, alhali shi ke da rinjaye a allo da agogo. Manya irin su Garry Kasparov sun soki matakin. Amma Carlsen ya san ƙarfinsa a wasan sauri, kuma ya lashe wasannin sauri na raba gardama da ci 3 da nema. A ganina lissafinsa daidai ne, sai dai bai kamata ɗan koyo ya kwaikwaye shi ba. Carlsen kambu yake karewa. Wanda ke zagaye na 2 a ƙaramar gasa ba shi da abin karewa, kuma duk canjaras ɗin da ya karɓa a motsi na 15 ya hana kansa koyon ƙarshen wasa, inda a nan ne akasarin masu tasowa ke da rauni. Kafin a zauna zagayen ƙarshe dai, ka duba teburi ka san ko rabin maki ya ishe ka.