Kurakuran da masu jita bes ke yi wajen haɗa akwatin lasifika da amfilifaya

Duk sabon mai kaɗa bes da ya zo neman shawara a wurina, tambayarsa ta farko ba ta wuce "wat nawa?" Na gaji da jin ta. Lambar wat ita ce aka fi rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, kuma ita ce ta fi kowace lamba yaudarar mai saye. Akwai wata ƙaramar lamba a bayan akwatin, kusa da wurin soka waya, wadda ba kowa ke sunkuyawa ya duba ba. Ita ce ta taɓa ƙona min amfilifaya, don haka da ita zan fara.

Lambar nan ita ce om, wato ma'aunin yadda akwati ke tare wutar da amfilifaya ke tura masa. Akwatunan bes galibi om 8 ne ko om 4. A bayan amfilifaya kuma za ka ga an rubuta mafi ƙarancin om da za ta iya ɗauka, yawanci 4, wasu ƙalilan 2. Abin da ke rikita mutane shi ne, idan ka haɗa akwati biyu ta ramukan da ke bayan amfilifaya, om ɗin ba ƙaruwa yake yi ba, raguwa yake yi. Om 8 biyu sun koma 4. Om 4 biyu sun koma 2. Idan sun bambanta, ka ninka su, ka raba da jimillarsu: 8 sau 4 ya ba da 32, a raba da 12, ya zama kusan 2.7. Duk lokacin da om ya yi ƙasa, wutar da ake tatsa daga amfilifaya ƙaruwa take yi, zafi ya biyo baya.

Ni ban san wannan ba lokacin da nake ganin na iya. Akwatina om 4 ne, amfilifayar ma iyakarta om 4, komai lafiya. Ranar wani wasa a babban zaure sai na ga kamar sautina ba zai kai baya ba, na aro akwatin wani, shi ma om 4, na soka a rami na biyu. Dalilina kawai shi ne na ga rami a buɗe. Waƙa ta uku amfilifaya ta ɗauke. Na kashe na kunna. Ta sake ɗaukewa, na sake kunnawa, har ina zaginta. Ashe ita tana ƙoƙarin ceton kanta ne, ni kuma ina tura ta. A karo na uku sai warin ƙonewa ya tashi, mai ganga ya juyo yana kallona. Sauran wasan da aron kaya na ƙarasa shi, kuɗin gyara kuwa ya cinye abin da na samu a daren har da ƙari. Ramuka biyu a bayan amfilifaya ba izini ba ne na soka duk abin da hannunka ya kai. Idan ta ɗauke da kanta, kashe ta, ka je baya ka yi lissafi.

Tun daga nan ba na sayen akwatin farko sai om 8. Wasu za su ce ai asara ce, tunda amfilifayar da ke ba da wat 500 a om 4 yawanci wajen 250 zuwa 350 take bayarwa a om 8. Gaskiya ne, amma a kunne bambancin bai wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 2 ko 3 ba, kuma ka bar wa kanka ƙofar ƙara akwati na biyu gobe. Ina kuma manna farin tef a bayan kowane akwati in rubuta om ɗinsa da babban rubutu, saboda a duhun dandamali ba a karanta ƙananan lambobi. Idan rubutun ya goge, auna da mita: akwatin om 8 zai nuna wajen 6, na om 4 wajen 3. Ba lalacewa ya yi ba, haka mita ke karanta shi.

Mai amfilifaya mai kwalba, wato wadda ke aiki da kwalaben gilashi (tube) maimakon taransisto, taka dokar daban ce. Taransifomar da ke cikinta tana son om ɗin da ya yi daidai da ramin da ka zaɓa, kuma kada ka kuskura ka kaɗa ba akwati a haɗe. Ta taransisto ba ta damu da hakan ba, amma mai kwalba taransifomarta na iya tafiya.

Yanzu mu dawo kan wat ɗin da kuke ta so. Kuskure na biyu da ya ci min kuɗi shi ne yarda da cewa akwati mai wat 400 ba abin da amfilifaya mai wat 300 za ta yi masa. Lambar wat ta RMS da ke jikin akwati tana gaya maka zafin da kwayil, wato nadadden wayar cikin lasifika, zai jure ne kafin ya ƙone. Ba ta ce komai ba game da nisan da faifan lasifika zai iya kai da komo kafin ya yage, kuma a bes wannan ne ya fi kashe lasifika. Tsirkiyar E ta bes tana kaɗawa a 41 Hz (sau 41 a daƙiƙa), B ta mai tsirkiya biyar a 31 Hz. Duk saukar da sauti ya yi da rabi, faifan yana buƙatar motsi ninki huɗu kafin ya fitar da ƙara iri ɗaya. Ga kuma akwati mai ramin iska: ƙasa da sautin da aka daidaita ramin a kai, iskar ciki ba ta tare faifan, sai ya riƙa fifita a banza.

Na sayi bes mai tsirkiya biyar, na murɗe maɓallin ƙananan sauti kusan ƙarshe don ina son ƙasa ta girgiza. Ban san ƙarin desibel 6 a wurin yana nufin ninka wuta sau huɗu ba. Makonni ina jin wani "faf-faf" duk lokacin da na taɓa B, ina cewa ai ƙarfi ne. Ƙarfin ina! Kukan lasifika ne. Biyu daga cikin lasifika huɗu na akwatin suka tafi, ba tare da ko alamar ƙuna ba. Kuma har yau ina ganin yara suna wannan, suna murmushi, faifai na tsalle kamar zai fito, su suna ɗaukar bidiyo. Haba! Kunnen da kake saurarar waƙa da shi, shi ne ma'auninka. Da ka ji sauti ya fara dagulewa, ko ka ƙara maɓalli ƙara ba ta ƙaru ba, ka kai iyaka, ko da maɓallin yana rabi ne. Rabin maɓalli ba rabin wat ba ne, bes mai ƙarfin fitarwa zai iya kai amfilifaya ƙarshenta tun kafin nan. Ni dai yanzu ina yanke duk abin da ke ƙasa da 35 zuwa 40 Hz da matatar sauti, in rage ƙananan sauti kaɗan, in ƙara na tsakiya. A cikin taron kiɗa ma a nan ake jin bes.

Daga nan ne ake samun wata tatsuniya, wai ƙaramar amfilifaya ita ke kashe babban akwati. Ƙanƙanta ba ta kashe komai. Abin da ke faruwa shi ne mai ita ya matsa mata har sautinta ya dagule, dagulallen sautin nan mai kaifi ya je ya ƙona tuwita, ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti. Laifin hannu ne. Ni na fi son amfilifaya ta yi daidai da RMS ɗin akwati ko ta ɗan fi shi, in kama hannuna. Ka kuma lura da wace lamba kake karantawa, don akan rubuta RMS, a rubuta ninkinta biyu da wani suna, a rubuta ninkinta huɗu a ce ƙololuwa. Ta farkon ce abin lissafi.

Idan ba a jin ka, ƙarin wat shi ne hanya mafi tsada. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ba ka, sai ka ninka sau goma kafin kunne ya ce ƙara ta ninka. Akwatin da ke fitar da desibel 100 da wat ɗaya a nisan mita ɗaya, da wat 150 zai yi abin da mai desibel 97 ke yi da 300. Ƙara akwati na biyu irin na farko, ka ɗora shi a kai, yakan ba ka kusan desibel 5 ko 6, ga shi ya matso kusa da kunnenka. Amfilifayar Ampeg SVT da ta fito a 1969 wat 300 ce kacal, amma da akwatin lasifika takwas masu inci 10 ta cika manyan dandamali. Iska ake turawa, ba lamba ba.

Sauran ƙananan, a gurguje. Kada ka haɗa amfilifaya da akwati da wayar jita, siririya ce, zafi take yi, ka nemi wayar lasifika, in da hali mai kan Speakon, wanda ake murɗawa ya kulle. Kada ka kaɗa bes da ƙarfi ta akwatin jita ta gama-gari. Inci 15 ba dole ya fi inci 10 zurfin sauti ba, ginin akwatin ne ke yanke hukunci, kuma huɗu masu inci 10 sun fi ɗaya mai inci 15 faɗin faifai. Idan ka haɗa akwati mai lasifika biyu da mai huɗu, dukansu om 8, wuta rabi da rabi za su raba, ƙaramin ne zai fara galabaita. Om 4 da om 8 kuwa, mai 4 zai kwashi kashi biyu cikin uku.

Idan kuma ka ƙara akwati sai ka ji bes ya rame maimakon ya cika, wayar ɗaya a juye take. Taɓa batir mai bolt 9 a kan wayar kowane akwati, ka kalli faifan: su fito tare ko su shiga tare. Wanda ya saɓa, juya wayarsa.