Yadda ake samar da lambobin sirri da ba sa cankuwa a manhaja

Da yawa daga samarinmu masu rubuta manhaja a Jidda da Makka aikin kamfanonin Umara suke yi: rajistar baƙi, kama ɗakin otal, lambar da ake tura wa mutum a waya in ya manta kalmar sirrinsa. Duk waɗannan suna buƙatar lambar da wani ba zai iya canka ba. In ta canku, fasfo da bizar bayin Allah sun shiga hannun ɓarawo, shi ya sa sakacin da ake yi a nan yake damuna ƙwarai.

Da farko, ka ajiye abin da hannunka ya saba. random na Python, Math.random() na JavaScript da rand() na C, wato umarnin fitar da lambobi barkatai a waɗannan harsunan rubuta manhaja, don wasanni da gwaje-gwaje aka yi su. Na Python yana tafiya ne a kan Mersenne Twister, lissafin da wasu Japanawa biyu, Matsumoto da Nishimura, suka fitar a 1997. A ido lambobinsa a hargitse suke, amma wanda ya samu guda 624 a jere, cikakku, zai iya lissafa duk waɗanda za su biyo baya.

Na biyu, ka roƙi lambobin, a matsayin bayit (ƙaramin ma'aunin bayanai a kwamfuta), daga tsarin da ke tafiyar da kwamfutar. Shi ne yake tattara hargitsi daga motsin na'urorin cikinta, yana cuɗa shi ta hanyar da masana suka tantance. A Python layi biyu ne: import secrets, sai secrets.token_bytes(32). Tun fitowar 3.6 a 2016 yake nan. Mai Node.js ya kira crypto.randomBytes(32), mai PHP random_bytes(32), mai Java SecureRandom. A burauza akwai crypto.getRandomValues(), wanda ba ya ba da fiye da bayit 65,536 a kira ɗaya. Mai C a Linux ya yi amfani da getrandom(), a Windows kuma BCryptGenRandom.

Na uku, kada ka ba lissafin iri da kanka, wato lambar farko da zai fara da ita. Mutum zai ga kamar ya yi dabara in ya haɗa lokacin agogo da lambar wayar baƙo. A 1995 ɗalibai biyu a Berkeley, Ian Goldberg da David Wagner, suka gano cewa burauzar Netscape da agogo da lambobin da kwamfuta ke ba manhajojin da ke gudana take fara lissafinta, suka karya ta. Na Debian, wani nau'in Linux, ya fi muni. Gyaran da aka yi wa OpenSSL ɗinsa, manhajar da ke samar da makullan sirri, a 2006 ya toshe kusan duk inda hargitsin ke shigowa, makullan da za su iya fitowa suka koma kimanin 32,768 a kowane nau'i, kuma ba a farga ba sai 2008. Ƙwararru ne fa waɗannan.

Batun yawa, bayit 16 sun isa mahaɗin sauya kalmar sirri, makullin AES-256, wata hanyar kulle bayanai, kuwa 32 yake so. In za ka sa a adireshin intanet, secrets.token_urlsafe(32) zai mayar maka da su haruffa.

Sai tarkon lamba shida ta waya. Kada ka ɗauki bayit ka raba da goma ka riƙe ragowar. Bayit yana da ƙima 256, goma ba ta raba shi daidai, don haka 0 zuwa 5 za su sami gurbi 26 kowanne, 6 zuwa 9 kuma 25. Awon ya karkata, kamar mudun da aka lotsa wa gindi. Ka rubuta secrets.randbelow(1000000), ka cike sifili a gaba in lambar ba ta kai shida ba, ka sa mata wa'adin 'yan mintoci, ka kuma taƙaita sau nawa za a iya gwadawa.

In kiran ya gaza, manhajar ta tsaya cak, kada ta koma wa random a ɓoye. Kada lambar ta shiga kundin da sabar ke rubuta abubuwan da suka faru. Wajen kwatanta abin da baƙo ya shigar da wanda ka ajiye, ka yi da secrets.compare_digest(), domin alamar == tana iya tsayawa a harafin farko da ya saɓa, kuma mai auna lokacin amsa zai iya cin riba da wannan.