Yadda Ake Shirya Kalankuwa a Ƙaramin Gari Ba Tare da An Watse Baram-baram Ba

Da an yanke dawa an kai rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ka ji samari a majalisa suna cewa bana fa sai an yi kalankuwa. Faɗa ba wuya. Sau uku ina riƙe littafin kwamitin wasa a garinmu, kuma abin da na gani shi ne duk wasan da ya lalace ba a fili ya lalace ba. Tun wata guda kafin a buga kalangu ya riga ya lalace: ko an tsallake wani babba, ko kuɗi sun shiga aljihun da ba a san zurfinsa ba.

Ga wanda ya tashi a birni, kalankuwa wasan kaka ne. Samari da 'yan mata ke haɗa shi bayan an kawar da amfanin gona, su gayyato tsararsu daga ƙauyukan kewaye, a yi kiɗa da rawa da kokawa da dambe. Abin da ya bambanta ta da sauran bukukuwa shi ne sarautun wasa: a naɗa gwamna da alƙali da likita da 'yan sanda duk a cikin samari, su yi kwaikwayon hukuma jama'a na dariya. A Damagaram suna da ɗan'uwanta, wasan kara.

Mataki na 1: Ku fara da manya, kuma ku bi tsani

Kada ku doshi fadar hakimi kai tsaye. Mai unguwa tukuna, shi zai kai ku wurin dagaci, dagaci ya sada ku da hakimi. Duk wanda kuka tsallake a cikinsu ba zai ce muku komai ba a ranar, amma za ku ji a jikinku daga baya. Ku tafi da dattijo ɗaya mai mutunci a gari, ku riƙe goro, ku bar shi ya yi magana: "Ranka ya daɗe, yaran nan ne ke son raya al'adar kaka, suka ce ba za su ɗaga ko tsinke ba sai da albarkarka." A nan ne kuma za ku roƙi hakimi ya zama uban taro.

Daga fada sai gidan liman. Wannan ita ce ziyarar da samari suka fi gudu, kuma ita ta fi kowace amfani. Ba gardama za ta kai ku ba. Ku ce, "Allah gafarta malam, ga abin da muka yi niyya, me za mu kiyaye?" Kusan kullum sharuɗɗan ba sa wuce uku: a ajiye kiɗa lokacin salla, a raba wurin zaman maza da na mata, a tashi da wuri. Ku karɓa, ku rubuta, ku cika. Limamin da aka nemi shawararsa ba ya hawa mumbari ranar Juma'a ya yi huɗuba a kanku.

Sai takarda. Ku rubuta wa DPO da sakatariyar ƙaramar hukuma, ku faɗi rana da wuri da lokacin farawa da na tashi, sannan ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimi. A jihohin da ke da Hisba, kamar Kano da Jigawa, ku kai musu tasu. Idan yankinku na fama da matsalar tsaro, babu zancen wasan dare: a fara da hantsi, a sallami baƙi da la'asar sakaliya don kowa ya isa gida da ido.

Mataki na 2: Tsayar da rana

Tsakanin ƙarshen Nuwamba da Janairu ya fi, lokacin hatsi na rumbu, kuɗi na aljihu, kuma 'yan ci-rani ba su gama watsewa ba. Ku duba kalandar Musulunci, domin azumi na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Ku nemi farin wata, daren 13 zuwa 15, saboda ko janareto ya mutu jama'a na ganin juna. Ku kauce wa ranar kasuwarku, amma ku manna wasan a washegarinta, tunda a kasuwar ne za a yi shela ta ƙarshe kuma baƙi da yawa sun riga sun shigo gari. Sannan ku tambaya ko akwai ɗaurin aure a wani babban gida ko saukar karatu a ranar.

Mataki na 3: Kuɗi

A nan zan daɗe, domin a nan zumunci ke mutuwa.

Mutum uku ne za su taɓa harkar kuɗi, kuma kada su fito daga gida ɗaya: ma'aji mai riƙewa, sakatare mai rubutawa, da dattijo mai sa hannu kafin a fitar da ko kwabo. A sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Duk wanda ya ba da wani abu a rubuta sunansa a gabansa, ko kwano biyu na gero ne, ko aron tabarma. Masu turo kuɗi ta waya daga Legas ko Abuja su tura asusu ɗaya da kowa ya sani, ba na shugaban samari ba.

Ku fara da karo-karo a tsakaninku kafin ku miƙa wa kowa hannu. Attajirin gari ya fi sakin hannu idan ya buɗe littafi ya ga samari sun riga sun zuba nasu. Bayan haka sai ƙungiyoyin sana'a: mahauta, direbobin tasha, 'yan acaɓa, teloli, masu shayi. Kada ku raina gudummawar da ba kuɗi ba. Sarkin fawa ya ba da nama, mai gidan burodi ya ba da burodi, mai motar ɗaukar kaya ya kwaso yashi, sai ku ga rabin lissafin ya sauka.

Game da 'yan siyasa kuwa, ra'ayina a fili yake: ku karɓi gudummawarsu kamar ta kowa, a rubuta a littafi kamar ta kowa, amma kada mutum ɗaya ya ɗauke muku nauyin wasan gaba ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Za ku wayi gari hotonsa na rataye a rumfa, maroƙi na kiran jam'iyyarsa, rabin gari kuma sun zauna a gida.

Wajen kashewa, ku jera abin da ba makawa a sama: makaɗa, abincin baƙi, janareto da mansa, lasifika, rumfa da kujeru, ruwan sha, kyaututtukan gwanaye. Anko da kalanda su jira, in an samu rara. Ku ware wani abu a gefe wanda ba a taɓawa sai ranar wasa, domin sai wani abu ya ɓullo.

Mataki na 4: Fili

Filin firamare ko dandalin gari, muddin ba a jikin masallaci ko asibiti yake ba. A share, a tsince ƙaya da fasassun kwalabe. Da'irar kokawa a zuba mata yashi a kewaye ta da buhunan yashi, irin yadda ake yi a gasar takobin Nijar da aka fara a Tawa a 1975. Bayan buhunan a kafa turaku a ja igiya. Rumfar manya ta juya wa rana baya. Masu tsire da waina da fura a jera su gefe ɗaya, nesa da igiya kuma ta inda iska ba za ta kwaso hayaƙi zuwa rumfa ba. A yayyafa ruwa da safe saboda ƙura, a haƙa makewayi biyu a kewaye da zana, a tanadi randuna da butoci don alwala. Janareto ya yi nisa da lasifika, kuma a gwada shi tun jajibiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na 5: Makaɗa, 'yan wasa da baƙi

Ku fara da na gida. Kowane gari na da mai kalangun da mahauta ke kira, da tsohuwar da ta iya kiɗan ƙwarya, da 'yan matan da suka haddace waƙoƙin gaɗa, da ɗan kaman da ke sa kasuwa dariya. Idan kuka ɗauko na waje kuka bar su a cikin 'yan kallo, kun yi wa garin laifi. In akwai hali, sai a ƙara da 'yan hoto masu cilla garma sama su tare ta da jiki, ko 'yan tauri.

Da makaɗin waje a yi ciniki a gaban shaidu, a ba shi kafin alƙalami, cikon sai ya sauke ganga. Shekarata ta farko mun biya wani duka kuɗinsa don mu nuna mu ma mun isa. Ranar wasa, hakimi ya zauna, baƙi sun cika fili, wayarsa a kashe. Ashe ya karɓi wani biki a wani gari. Wani tsoho mai gangar noma muka taso daga gida, ya zo da hularsa a karkace yana mita, ya kaɗa har magariba. Shi ya fitar da mu kunya, kuma tun daga ranar sunansa ke fara shiga littafi. A wajen cinikin kuma ku yanke maganar liƙi: na makaɗi ne shi kaɗai, ko ana cire wa kwamiti wani kaso? In ba a faɗa ba tun farko, za a faɗa da ƙarfi a ƙarshe.

Ƙauyukan kewaye goron gayyata ake kai musu, hannu da hannu, wurin sarkin samarinsu, mako biyu kafin ranar. Saƙon WhatsApp tuni ne kawai, ba gayyata ba. Kowace tawaga a ba ta masauki a gida sananne da saurayi ɗaya mai kula da ita: ruwan wanka, tuwon dare, kokon safe. Kada ku ɗauki wannan ƙaramin abu. Bikin kamun kifi na Argungu da duniya ke zuwa kallo, a 1934 ya kafu, kuma tarbar baƙo ce asalinsa, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin. Baƙon da ya kwana da yunwa a garinku, shi zai ba da labarinku a kasuwanni bakwai.

Mataki na 6: Ranar wasa

A buɗe da addu'a, uban taro ya yi magana, shi ke nan. Jawabi uku sun yi yawa. Mai riƙe da lasifika ya kasance mutum ɗaya mai takarda a hannu, ba duk wanda ya ga dama ba.

Ku sa na yara a gaba, langa da tsere da gaɗa, tun rana ba ta yi zafi ba. Daga nan sai sarautun wasa. Gwamna ya iso da rakiya, 'yan sandan wasa su kamo wanda ya zo ba hula, alƙali ya ci shi tarar goro biyu, likita ya duba mai ƙoshin lafiya ya ce sai an yi masa allura. Iyaka ɗaya ce: a kwaikwayi kujera, kada a kwaikwayi mutum. Da zarar jama'a sun gane cewa tafiyar wane ce ko muryar wane ce a gari, wasa ya zama cin fuska. Tarar ma kada ta wuce abin dariya.

Da an kira salla a kife ganga, ko ana tsakiyar turmi. Kokawa bayan azahar, dambe bayan la'asar, domin shi ne mai tara jama'a kuma shi ne mai tayar da ƙura. Alƙalin kokawa da dambe ya fito daga garin da ba shi da ɗan wasa a fili. A haɗa tsara da tsara, kada a bar ƙato ya taka yaro don neman suna. Kafin a shiga, alƙali ya taɓa naɗin hannun kowa ya tabbatar zare ne kawai, babu ƙarfe babu wani abu mai kaifi a ciki. Turmi uku ne, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, magana ta ƙare. Haɗarin yana cikin daƙiƙun da ke biyo bayan kisa, lokacin da magoya baya ke ɓarkowa fili. A nan ake son 'yan sintiri da 'yan agaji su riga kowa tsayawa a jikin igiya. Ma'aikacin lafiya na gaske ya zauna kusa da akwatinsa, da mota ɗaya mai mai a tanki wadda ba a tare mata hanya ba.

Masu kari su sa kuɗi a ƙwarya ko faranti, maroƙi ya faɗi sunansu. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Yanzu da kowa ke ɗaukar bidiyo da waya, ba abin wasa ba ne.

Ku ba wa mutum biyu aikin ɗaukar hoto da murya, musamman waƙoƙin tsofaffin mata. Ku nemi izininsu kafin a sa a intanet, kuma kada a ɗora fuskar 'yar kowa ba da sanin gidansu ba. Lokacin da kuka faɗa wa liman da DPO za ku tashi, ku tashi a kansa, ko wasa ya yi daɗi.

Mataki na 7: Washegari

Da sassafe a share fili kafin 'yan makaranta su iso, a mayar da kujeru da tabarmin aro a ƙirge, abin da ya karye a biya. A raka baƙi bakin gari. Da yamma kwamiti ya bi gidajen da ya bi da farko, mai unguwa, dagaci, hakimi, liman, ya yi bangajiya.

Kafin mako ya zagayo a tara samari a dandali, sakatare ya miƙe ya karanta littafi da ƙarfi: abin da ya shigo, daga hannun wa, abin da ya fita, zuwa ina. Wanda ke da tambaya ya yi ta a wurin. In an samu rara, a ƙirga ta a gaban kowa, a rubuta adadin a shafin ƙarshe, mutum ukun nan su sa hannu, a damƙa wa dagaci littafin ya ajiye sai kaka mai zuwa.