Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tace Hoton Rada

Ɗige-ɗigen da ke cika hoton rada, wato na'urar da ke aika igiyoyin rediyo zuwa ƙasa ta haɗa hoto daga waɗanda suka dawo, suna fitowa ne daga igiyoyin da suka dawo daga abubuwa da yawa a cikin fiksal ɗaya (ƙwayar hoto mafi ƙanƙanta), wani wuri su ƙarfafa juna, wani wuri su kashe juna. Inda hoton ya fi haske, nan suka fi tsanani. A kan wannan aka gina matatar Lee ta 1980 da ta Frost ta 1982, dabarun lissafi na rage waɗannan ɗige-ɗige. Amma kullum sai ka ga mai koyo ya sauke hoton tauraron ɗan adam na Sentinel-1, ya buɗe manhajar SNAP, ya hau danne-danne ba tare da ya fahimci wannan ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a mayar da hoto zuwa desibel (ma'aunin logaridim na ƙarfin igiyar da ta dawo) tukun, sannan a ɗauki matsakaici. Haba! A hoton da ba a riga an haɗa fiksal ɗinsa ba, matsakaicin da za ka samu ta haka zai yi ƙasa da na gaskiya da kusan desibel 2.5. Ga mai neman raba gonar da ruwa ya kwanta da busasshiya, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, kuma ido ba zai nuna maka ba, don hoton zai fito sumul. Ni dai ba na taɓa desibel sai a ƙarshe: in daidaita ma'auni, in tace, sannan in juya zuwa desibel.

Kuskure na biyu ya shafi dabarar PCA, wadda ke matse hotunan wuri ɗaya na ranaku daban-daban don a rage maimaici. Tana fitar da sabbin hotuna kashi-kashi, kuma kashi na farko yakan kwashe mafi yawan bambancin, sai mutum ya riƙe shi ya zubar da sauran, wai hayaniya ce. To, kashin farkon galibi abin da bai canja ba yake nunawa, gari da dutse da daji. Ambaliya ko girbin da kake nema suna can a kashi na biyu ko na uku. Kalle su ɗaya bayan ɗaya da idonka kafin ka jefar.

Taga ita ce murabba'in fiksal ɗin da matata ke dubawa a lokaci ɗaya, kuma mai faɗi tana share tituna da iyakokin gonaki. Ni nakan fara da mai fiksal 5×5. Kada ka daidaita hoto da taswira kafin tacewa, domin hakan na cakuɗa fiksal da maƙwabtansa. In kuma za ka auna ko tacewar ta yi, zaɓi fili mai kama ɗaya, ka ga ko matsakaicinsa ya motsa bayan ɗige-ɗigen sun ragu, don bai kamata ya motsa ba.