Kurakuran da aka fi yi wajen sa wayar fawa saflai a madabod

Yawancin kwamfutocin da ake kawo min shago nan Tudun Wada ana cewa madabod, wato babban allon da sauran kayan ciki ke haɗe a kansa, ta mutu, wallahi lafiyarta ƙalau, waya ce kawai ba ta zauna ba. Mutum ya buɗe kes don ya kakkaɓe ƙurar hunturu, ya mayar da wayoyi sama-sama, ya danna maɓalli, shiru.

Toh kafin ka taɓa komai, kashe makunnin bayan fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, zare filogi daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita. Kar ka ce ai NEPA sun ɗauke, suna iya kawowa hannunka na ciki.

Babbar wayar nan mai fil 24 ita ta fi ba mutane wahala saboda tana da tauri, sai mutum ya ji tsoron kar ya fasa madabod ya bar ta a rabin hanya, gefe ɗaya ya shiga ɗaya na sama, kaga fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya, ko kwamfutar ta riƙa mutuwa tsakiyar aiki. Tallafi bakin madabod ɗin da yatsa ta ƙasa, ka danna da babban yatsa daidai wa daida har sai ƙugiyar ta kama haƙorin soket ɗin ta ce ƙas. Sannan haska tocila ta gefe, in ka ga ɗan tsaga tsakanin robobin biyu to da sauran aiki. In taka mai 20 da ƙarin 4 ce, haɗa su tukuna kafin ka sa.

Wasu kuma mantawa suke da ta firosesa, mai fil 8 ko 4 da ke can sama gefen hagu.

Wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne masu ɗaukar wayar katin girafik su cusa a ramin firosesa don duk fil 8 ne. Dan Allah duba rubutun jikinta. Ta CPU, wato ta firosesa, tana rabuwa 4 da 4, ta PCIe kuma, wato ta katin girafik, 6 da 2, kuma inda wutar bolt 12 take a cikinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa ma aka sassaƙa ramukan daban, wasu masu kusurwa huɗu wasu da yankakken gefe. In ta ƙi shiga kar ka sa ƙarfi, zare ka sake dubawa. Haka in fawa saflai ɗinka mai wayoyin cirewa ce, kar ka ari wayar wani kamfani ko da bakin ya shiga, jerin cikin yana bambanta, tana iya ƙona maka hadis, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, da duk abin da ke kansa.

Masu manyan katin girafik ku ƙara kula, a 2022 an ga wayar katin RTX 4090 mai fil 16 tana narkewa, kuma rashin shiga har ƙarshe na cikin manyan dalilan, don tana ɗaukar har wat 600. Danna ta sosai, kar ka lanƙwasa ta dab da baki, ka sake leƙa ta bayan ka jera sauran wayoyi kafin ka rufe kes.