Yadda ake zaɓa wa yaro mai son kodin (rubuta wa kwamfuta umarni) da robot kyautar da za ta amfane shi

Kusan kowane gida akwai yaron nan da ba ya barin rediyo ko tocila ta zauna lafiya, sai ya kwance ta ya ga abin da ke ciki. In kana son yi masa kyautar Sallah, ko ta saukar Alƙur'ani, ko ta cin jarrabawa, to ka kauce wa motar rimot da robot ɗin roba mai waƙa. An riga an gama ƙera su, ba abin da ya rage wa yaro sai danna maɓalli. Ka nemo abin da shi zai haɗa, ya wargaza, ya sake haɗawa. Kuma kada a bar 'yan mata a baya, sha'awar nan ba ta maza kaɗai ba ce.

Da farko ka tambayi iyayensa abu biyu: akwai kwamfuta a gidan, ko waya ce kawai? Sannan yaya wuta take a unguwarsu? Amsar nan ita ce za ta raba ka da asarar kuɗi. Raspberry Pi, alal misali, ƙaramar kwamfuta ce mai kyau da aka fara sayarwa a Birtaniya a 2012, amma tana buƙatar allon kallo da madannai da katin memori, kuma ɗauke wuta ba zato yana iya lalata abin da ke kan katin. A gidan da ba sola ba janareto, sai ta zama kayan ado.

Mataki na biyu, duba shekarunsa. Ɗan shekara 5 zuwa 7 ba ya buƙatar ka saya masa na'ura. Akwai manhajar ScratchJr, kyauta ce, inda yaro ke jera tubalan hoto ya sa mage ta yi tafiya ko tsalle. Daga shekara 8 sai Scratch kanta, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. Ana iya sauke ta a kwamfuta a yi aiki ba tare da intanet ba. A nan kyautarka ita ce kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka taɓa amfani da ita, mai lafiyayyen batir, in da hali, ko dai fawa banki da data.

Ga ɗan shekara 9 zuwa 12, ni dai ban ga abin da ya kai micro:bit ba, wani ɗan ƙaramin allon kwamfuta da yara ke koyon ba wa umarni. BBC ce ta raba shi ga ɗaliban Birtaniya a 2016. Bai kai girman katin ATM ba, yana da ƙananan fitilu 25, biyar a tsaye biyar a kwance, da maɓallai biyu, A da B. Yana auna zafi, yana gane an girgiza shi, yana nuna alƙibla kamar kamfas. Samfurin da ya fito a 2020 har da lasifika da makirfo. Batir biyu ƙanana, AAA, su ne abincinsa, kuma ana iya tura masa umarni daga waya ta Bluetooth, don haka ɗaukewar wuta ba ta dame shi ba. A shafin intanet na MakeCode, inda ake shirya masa umarni, yaro zai jawo tubali ɗaya, ya zaɓi hoton zuciya, ya tura, sai ya ga zuciyar ta kama da jan haske a tafin hannunsa. In aljihu zai ɗauka, sayi biyu: suna aika wa juna saƙo ta rediyo, wa yana ɗaki ƙanwa tana zaure.

Wanda ya haura 12, ko wanda ya riga ya ƙware da tubalan, Arduino Uno ya dace da shi, wato ƙaramin allon lantarki da ake ba umarni ya sarrafa fitilu da injina. Asalin Arduino daga Italiya ne, tun 2005, kuma a nan ake fara rubuta umarni da hannu. Kada ka sayi allon shi kaɗai. Ka nemi cikakken kunshi mai allon gwaji mai ramuka, da wayoyin haɗi, da ƙananan fitilu, da rizisto masu rage ƙarfin wuta. In robot yake so, ƙara firam mai taya biyu da injinansu, da allon L298N mai sarrafa injinan, da na'urar HC-SR04 mai kama da idanu biyu, wadda ke auna nisa da sautin da kunne ba ya ji. Da waɗannan zai haɗa motar da in ta tunkari bango za ta tsaya ta juya da kanta.

Sai maganar saye. Fara da masu sayar da kayan gyaran lantarki a Sabon Gari, ko ka tambayi wani ɗalibin injiniya na ABU a Samarun Zariya, domin da irin kayan nan da yawansu suke aikin kammala karatu, sun san mai kawowa. Abin da ba a samu ba sai a yi oda ta intanet, amma da wuri, ba ana gobe Sallah ba. Ka tabbata wayar USB ɗin mai ɗaukar bayanai ce, ba ta caji kaɗai ba. Sannan yawancin Arduino masu araha kwafi ne, suna aiki lafiya, sai dai da yawa suna buƙatar a saka wata ƙaramar manhaja, direban CH340, a kwamfuta kafin ta gane su. Mutane kan mayar da lafiyayyen allo suna cewa jabu ne saboda wannan kawai.

Haɗa masa da ƙaramar sukudireba, da mitar auna wuta, da littafin rubutu, da roba mai murfi saboda ƙurar hunturu da kuma ƙannen da ke kai komai baki. Ƙarfen like da dalma kuwa, bar shi tukuna sai ya ƙara girma. Ka ja masa kunne sosai cewa kayan nan na batir da USB ne, ba a kusantar soket ɗin bango da su.

Ranar da za ka ba shi, ka zauna ku yi gwajin farko tare. In Arduino ka saya, a manhajarsa akwai misali mai suna Blink, wanda ke kunna fitilar da ke jikin allon tana kashewa duk daƙiƙa ɗaya. Nuna masa inda aka rubuta 1000, ka ce ya mayar da shi 100 ya sake turawa. In fitilar waje ya saka ta ƙi kamawa, a juya ta, doguwar ƙafar ce ke zuwa ɓangaren da wuta ke fitowa, wato +. In kai ba fanninka ba ne, yi magana da ɗalibin da ya taimaka maka wajen saye, ka riƙa ba shi kuɗin mota ya leƙo yaron ranar Asabar.